Ƙafar Rushash

Faya, 9 ga Yuni, 1997

Zuwa ga Ammti Halime, ƙanwar mahaifina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya gwiwar nan taki, ta bar ki kina salla a tsaye? Yaya mutanen unguwar Ardeb Jumal, da matan da har yanzu suke buga miki ƙofa in naƙuda ta tashi, ko da yake kin ce kin ajiye aikin ungozoma? Ni lafiyata ƙalau. Aiki yana nan yadda kika san shi. Kullum da safe in je in leƙa kwalbar auna ruwan sama, in tarar da ita wayam, in rubuta sifiri a littafi. Shekarata biyu ke nan ina rubuta sifiri, kuma ba wanda ya gaji da karantawa.

Ga dabino na ba Wardugu direba ya kawo miki tare da takardar. Sabon yanka ne, ki ci kafin maƙwabta su ji labari.

Ammti, wata magana ce ta tsaya mini a rai. Wardugu ya ce zuwansa na baya ya bi ta unguwar Farsha, ya leƙa bargar Bishara inda na bar Rushash, goɗiyar Baba. Ya ce ya gan ta tsaye ta ɗage ƙafar gaba ta hagu, bakin kofaton kawai ke taɓa ƙasa. Wardugu mutumin raƙuma ne, bai san doki ba, wataƙila hutawa take yi. Amma tun da ya faɗa, in na zauna ƙarƙashin dabino da azahar sai in riƙa jin takunta, uku da ƙarfi, ɗaya a hankali.

Na san Farsha da nisa. Don Allah ki daure ki je ki ganar mini da idonki. Ita kaɗai Baba ya bar mini da take numfashi.

Ɗanki,
Jimet

Njamena, 26 ga Yuni

Ɗana Jimet,

Na ga takardarka, na ci dabinonka, maƙwabta ma sun ji labari. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. An yi ruwa sau huɗu, gari ya yi kore, ƙasa tana wannan ƙanshi da mahaifinka yake cewa shi ya sa ya raɗa wa goɗiyarsa Rushash, sunan yayyafin farko.

Na je Farsha ranar Litinin. Ɗana, ba bargar da ka sani ba ce. Ƙyauren ya karye, da igiya aka ɗaure shi. Ruwa ya kwanta a tsakar wurin ya haɗu da kashin dawaki, sai da na tattare lafayata har gwiwa. Kwanon rufi biyu sun faɗo suna nan inda suka faɗo, ƙusoshi a tsaye. Azarar da ke riƙe da sauran, na sa yatsa na danna, yatsan ya shige. Gara ta gama da ita. Katangun da suka raba ɗakunan duk sun zube, rijiya ba murfi. Dawaki bakwai ne a wurin, masu su 'yan kasuwa ne da ba sa zuwa sai ranar sukuwa.

Bishara yana zaune a ƙarƙashin darbejiya. Na yi sallama, ya karkata kai.

"Wa nake ji kamar Halime? Ashe kina da rai?"

"Ni ina da rai. Kai ne ban sani ba. Wannan barga ce ko fadama?"

"Damina ce. In ta wuce zan gyara."

"Ina masu yi maka aiki?"

"Sun tafi neman abin da ya fi kashin doki ƙanshi."

Ya kai ni wurinta. Ta rame, amma gezarta a taje take tsaf, har da kitso. Ya ce sanyi ne ya kama mata kafaɗa, kullum yana shafa mata man kaɗanya. Ni ban san doki ba, amma shekara talatin ina taɓa jikin da ke ciwo. Na shafa kafaɗar, sanyi ƙalau. Na gangara da hannu har ƙasa. Kofaton da zafi kamar goshin jariri mai zazzaɓi, jijiya tana bugawa a bayansa.

Na ce, "Bishara, ciwon a ƙasa yake."

Ya ce, "Ke ki tsaya a kan matan da kika sani."

Ya haɗa mana shayi. Da ya zo zubawa, rabi ya sauka a kofi, rabi a faranti, bai ko kula ba. Gobe zan koma da ruwan zafi da kanwa.

Ammtinka,
Halime

Faya, 12 ga Yuli

Ammti,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ni lafiya, sai dai tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga.

Mutumin nan shi ya fara ɗora ni a kan sirdi. Shi ne yake dukan hannuna in na bar tsinke ɗaya a ƙasan barga. Ranar da aka binne Baba ya riƙe ni ya ce, "Je ka aikinka, 'yar nan tawa ce." Yanzu ya bar ta tsaye cikin ƙazanta da ƙusa, yana zaune yana shan shayi?

Ki fitar da ita daga wurin ko ta halin ƙaƙa. Ki je ofishin likitan dabbobi ki gaya musu abin da kika gani, su zo su rufe wurin. Ba don ita kaɗai ba. Ranar sukuwa mutane suna cika bargar nan da iyalansu, ga rijiya a buɗe, ga rufi a kan ruɓaɓɓen itace. Kada ki ji kunyarsa don ya tsufa. Shi bai ji kunyar kabarin Baba ba.

Ki rubuto da duk motar da ta fara tasowa.

Jimet

Njamena, 7 ga Agusta

Ɗana,

Lafiyata ƙalau, kada ka damu da ni. A bencin asibiti nake rubuta wannan, mai mota yana jira a bakin ƙofa. Rufin bargar ya faɗi shekaranjiya Talata. Bishara yana ciki, an ciro shi, yana kwance a nan. Rushash kuwa ta huta, wahala ta ƙare mata. Mun kai ta can bakin kogi, ƙarƙashin mangwaro, wuri mai kyau. Sauran bayani sai na zauna.

Halime

Faya, 6 ga Satumba

Ammti,

Ina gaishe ki. Allah ya saka miki da wahalar da kika sha. Lafiyata lau.

Takardarki ta yi wata guda a hanya, an ce ruwa ya yanke hanya a wajen Musoro. Na karanta ta a tsaye a tasha. Na gode da kika zaɓa mata wuri mai inuwa. Tana son mangwaro, takan cinye ta tofar da ƙwallon a tafin hannuna.

Ban yi kuka ba. Abin da ke faruwa shi ne, da rana tsaka in na fita duba na'urori, kawalwalniya takan kwanta a filin jirgi kamar kogin Shari ya biyo ni har nan. Sai in gan ta a ciki, tana ratsa ruwan da ƙafa huɗu lafiyayyu, Baba a bayanta ba sirdi, rigarsa tana tashi. Ba sa matsowa, ba sa kuma nisa. Ina tsayawa har kaina ya fara sarawa, sannan in koma ofis.

Game da Bishara, Allah ya ba shi lafiya, iyakar abin da bakina zai iya ke nan. Kada ki kai masa gaisuwata, ban aiko ba.

In ba a riga an rufe komai ba, da kin yanko mini ko silin gashin wutsiyarta. In an rufe, shi ke nan.

Wata magana kuma. Wa'adina a nan zai cika a ƙarshen shekara, dā niyyata in dawo gida. Shugabanmu ya ce ba wanda yake son zuwa Faya, in na yarda in ƙara shekara biyu. Takardar tana kan teburina, ƙarshen watan nan zan sa hannu. Ba zan iya bin hanyar Farsha ba yanzu. Ke kuma na san ko ina nake addu'arki tana iso ni.

Ɗanki,
Jimet

Njamena, 28 ga Satumba

Jimet, ɗan yayana, mai kunnen ƙashi,

Lafiyata lau, gwiwa lau, gari lau. Goɗiyarka ma lau! Tana nan da ranta, ɗazu ta cinye mini gefen lafaya. Wa ya ce maka ta mutu? Na ce ta huta, hutawa nake nufi, irin ta masu rai. Da na karanta takardarka sai da na zauna a ƙasa. Na yi dariya, na yi kuka, na zagi alƙalamina. Ashe kuma doguwar takardar da na rubuta maka a Yuli ba ta isa ba. To, buɗe kunnenka in sake daga farko.

Kwana uku ina jiƙa kofaton a ruwan ɗumi da kanwa, Bishara yana mini dariya. Rana ta huɗu ya durƙusa, ya ɗauki ƙafar ya ɗora a cinyarsa. Bai duba ba, Jimet. Fuskarsa tana sama, babban yatsansa ne yake yawo a tafin kofaton. Can ya tsaya. Ya zaro wuƙa ya fere kaɗan, sai ga kan ƙusa, guntuwa, baƙa ƙirin. Da ya cire ta, mugunya ta biyo baya, goɗiyar ta saki wani dogon numfashi kamar mace da ta sauka.

Na ce, "Bishara, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Yau kuma makaranta aka buɗe?"

"Nawa?"

Ya shafa ƙafar da ke kan cinyarsa. Sannan ya ce, "Shekara biyu ke nan, Halime. Kamar ina cikin ƙwaryar nono. Ina jin kwanon ya faɗo, ban san inda ya sauka ba. Na sha rarrafe ina lalube, na tsince ƙusa cike da gwangwani, wannan ce ta tsere mini."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In masu dawaki suka ji, za su kwashe su. In suka kwashe, da wa zan yi hira?"

Na kawo likitan dabbobi ya yi mata allura saboda tsatsar ƙusar. Da ya ga wurin ya ce rufewa zai yi a ranar. Ni na roƙe shi ya ba da wata ɗaya, in nemi masu dawakin su haɗu su gyara. Takardarka ta zo tana cewa a rufe, na ninke ta na sa a ƙarƙashin matashi. Wannan laifina ne, kuma kai ka fi ni gaskiya. Da rufin ya faɗi ranar sukuwa, ban san da wane ido zan dubi mutane ba.

Ranar Talatar, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas. Bishara ne ya fara ji. Ya ce, "Itacen nan yana kuka." Ni ban ji komai ba sai iska. Ya miƙo mini ragamar Rushash ya ce in fita da ita waje. Sai ya shiga yana kwance su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowanne da sunansa, yana dukan gindinsa ya fito. Biyar suka fito. Na shida ya tsorata ya ƙi motsi. Ina ihu ya fito, shi yana can yana lallashi kamar mai zance da amarya. Dokin ya fito a guje, rufin ya sauka a bayansa. Masunta ne suka ɗaga azarar. Cinyarsa ta karye, da ƙashin kafaɗa.

Rushash tana lambun Mariyomo, wata mata da na karɓi haihuwar 'ya'yanta biyar. Tudu ne a bakin Shari, yashi busasshe, mangwaro uku. Ramin kofaton ya cike. Kullum da hantsi nakan ja ta mu gangara. Kogi ya cika har ba a ganin tsibiran yashi, garin Kuseri a can ƙetare kamar an zana shi da toka. Takan shiga har gwiwa ta tsaya, ta lumshe ido, balbela ta sauka a bayanta. Jiragen masunta suna wucewa ba ƙara. Wani lokaci sai in manta ko ni wace ce, in ga kamar ina 'yar shekara tara, yayana yana wanke dokin babanmu, ni ina riƙe masa riga. Sai ta yi atishawa in dawo.

Har yanzu tana ɗan taka ƙafar a hankali in ƙasa ta yi tauri. Likita ya ce sukuwa kam ta gama, amma za ta ɗauki mutum.

Kada ka sa hannu a takardar nan. Ka ji ni? Na ba Wardugu goro ya taka mota.

Ammtinka

Faya, 15 ga Oktoba

Ammti,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka ciro daga rijiya. Lafiyata lau, yau na ci kwano biyu.

Wardugu ya taka mota, amma na riga na sa hannu tun ran talatin ga Satumba, takardar kuma ta tafi a jirgin soja. Na je wurin shugabanmu, ya ce abin da ya tafi ya tafi. Shekara biyu ke nan. Na fita bayan gari na zauna a kan tudu, na rasa ko dariya zan yi. Kalma ɗaya ta ci mini shekara biyu, kuma ba a taɓa yi mini albishir mai daɗin wannan ba. Kada ki zagi alƙalaminki. Ni ne na karanta da tsoro maimakon ido.

Abin da ke ƙasa ba naki ba ne. Ki je ki zauna kusa da Bishara ki karanta masa a hankali.

Abba Bishara, Jimet ne. Na faɗi maganganu a kanka da ba ka ji ba, amma Allah ya ji. Ka yafe mini. Wurin ya lalace, wannan gaskiya ce, kuma da ka faɗa tun farko da ba a kai nan ba. Amma ni ma shekara biyu ban rubuto na tambayi lafiyarka ba, ta goɗiya kawai nake tambaya. In ka tashi, 'yar nan taka ce kamar yadda ka ce. Ka bar Ammti ta zama idonka, ko da yake bakinta ya fi idonta kaifi.

Ɗanku,
Jimet

Njamena, 20 ga Nuwamba

Ɗana Jimet,

Muna lafiya. Sanyi ya fara, kogi yana ja da baya, tsibirai sun fito.

Na karanta masa. Ya juya fuska bango ya ce in sake karanta wurin bakina da idona, wai nan ne kaɗai ka faɗi gaskiya. Daga baya na ji yana jan hanci.

Ya tashi, yana tafiya da sanda. In shi da Rushash suka gangara kogi, sai ka rasa wa yake kwaikwayon wa. Likita ya ce yanar ido ce, an cire ta dama makon jiya, ta hagu sai bayan azumi. An rufe bargar. Biyu daga masu dawakin sun ji kunya, sun sa an rushe ta, an toshe rijiyar, an ce za a kafa sabuwar rumfa da ƙarfe. Sauran sun kwashe nasu ba ko sannu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan rubuta shi dalla-dalla don kada ka sake binne mini wani.

Tun watan jiya na ga cikinta yana sauka. Mariyomo ta ce harawa ce ta karɓe ta. Jiya da safe, tana tsaye a ruwa, na kwantar da tafin hannuna a kwiɓinta na jira. Na daɗe. Sai aka shure ni daga ciki, sau biyu. Jimet, na san wannan shurin ko a jikin wa na same shi. Rushash tana da ciki.

Na juya na ce, "Bishara, amanar da aka ba ka ke nan? Wane ne uban?"

Ya lissafa da yatsu. Ya ce tun da katanga ta zube a watan Mayu, ko dai akawalin nan ne, baƙin dokin mai goro, ko tsohon kilin nan da kowa ya ɗauka ya gama da duniya.

Na ce, "A cikinsu wanne?"

Ya ce, "Wallahi Halime, ni ban ga komai ba."

Muka yi ta dariya har masunta suka juyo suna kallonmu.

Ya ce haihuwa sai Afrilu. Ka je wurin shugaban naka tun yanzu ka nemi hutun wata ɗaya. In ya ce me ya faru, ka ce masa za a yi haihuwa a gidanku, kuma ungozomar ta ce wannan karon ba za ta karɓa ita kaɗai ba.

Ammtinka,
Halime